Yadda ake kafa majalisar masu haɗa manhajar waya tsakanin Jidda da Makka, ta kuma ɗore

A wata Umrar azumi ina tsaye bakin wani masauki a unguwar Misfala ta Makka, sai wata dattijuwa ta miƙo mini wayarta. "Ɗan nan, taimaka ka duba mini. An ce sai da wannan abin ake shiga Rauda, mu kuwa jibi za mu wuce Madina." Manhajar Nusuk take nufi. Gilashin wayar ya tsage ta gefe guda, cikinta ya cika maƙil da hotunan jikoki da saƙonnin murya, rubutun kuma ƙanana ne cikin harshen da ba ta karantawa. Sai da muka goge wasu bidiyoyi da izininta kafin manhajar ta samu wurin sauka. Na gama mata, ta yi ta sa mini albarka har na sha kwana.

A hanyar komawa Jidda abin ya tsaya mini a rai. Sana'ata ke nan, haɗa manhajar waya, kuma na san aƙalla mutum biyar masu jin Hausa da suke wannan aiki a tsakanin garuruwan biyu, amma ban taɓa zama da ɗayansu mun buɗe kwamfuta tare ba. Kowa na ɗakinsa yana fama da matsalar da wataƙila ɗan'uwansa ya warware tun bara. Ga shi Najeriya kaɗai an ba ta kujerun Hajji 95,000 a 2023, ban da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, ban da masu Umra da ba sa yankewa. Kaso mai yawa na waɗannan bayin Allah Hausa suke ji. Mu kuwa mun san harshensu, mun san Larabcin ƙasar, mun san yadda ake gina abin da ke cikin wayar.

Daga nan majalisarmu ta faro. Na kira ta majalisa da gangan, domin abin da nake so ka kafa ya fi kama da wurin zaman da aka saba haɗuwa a ƙofar gida fiye da babban taro mai manyan baƙi da jawabai. Majalisar masu manhaja tana rayuwa ne da abu biyu: ranar da ba ta canzawa, da kuma aikin da bai kammala ba wanda mai shi ya yarda ya miƙa wa 'yan'uwansa su taɓa. Duk sauran matakan nan hidima ce ga waɗannan biyun.

Fara da mutum biyar da ka kira da bakinka

Kada ka fara da zana hoton sanarwa. Idan ka watsa sanarwa a zaurukan WhatsApp, mutum tamanin za su ce "insha Allahu muna tafe", ranar zama ka ga huɗu, biyu daga ciki aiki suka zo nema. Taron tsintsiya ba shara ke nan. Ɗauki waya ka kira mutum ɗaya bayan ɗaya, ko ka tare shi bayan ɗaurin aure, ka yi masa tambaya guda: "Me kake haɗawa yanzu?" Wanda ya amsa da sunan aiki, ko da ƙaramar manhajar lissafin adashe ce da bai nuna wa kowa ba, shi kake nema.

Ka sani Hausawan da za ka tara a nan iri uku ne, kuma kowanne da abin da yake riƙe da shi. Akwai haifaffun ƙasar, jikokin waɗanda suka taho ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka ƙetaro teku daga Sawakin. Da yawansu Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausarsu ta gida ce, ta hira da kaka. Su ne suka san gari, suka san ofis, suka san wanda ake tambaya, kuma da ɗan gari akan ci gari. Akwai ɗalibai na Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura da Jami'ar Sarki Abdul'aziz, masu lokaci da ƙishirwar koyo, amma aljihu ba nauyi. Sai ma'aikata masu iƙama, wato takardar izinin zama, da kamfanoni suka ɗauko, waɗanda suka ga yadda ake aiki a babban ma'aikata amma ba su da lokaci. Ka tabbatar biyar ɗinka na farko sun haɗa dukkan ukun. Idan ɗalibai zalla ne, majalisa za ta watse da hutun jami'a. Idan ma'aikata zalla ne, za ta zama wurin ƙorafin albashi.

Batun harshe kuma kada ka matsa. A zamanmu mutum yakan fara jimla da Hausa, ya ratsa da Larabci, ya ƙare da sunan abin da Turanci. Sharaɗinmu ɗaya ne: wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, na kusa da shi ya fassara masa. Wani matashi haifaffen Makka ya yi wata uku bai ce uffan ba, sai daga baya ya faɗa mini kunyar Hausarsa yake ji. Na ce masa, "Ƙanena, yi da Larabci, mu ma muna son gyara namu." Yau shi ne ya fi kowa iya bayanin Kotlin, harshen da ake rubuta manhajar Android da shi, a cikinmu.

Cikin biyar ɗin nan ka zaɓi biyu su zama abokan ɗaukar nauyi tun daga ranar farko, ku uku ku raba aiki a fili: ɗaya wuri, ɗaya mai gabatarwa, ɗaya sanarwa da rubuta abin da aka yi.

San iyakar doka kafin ka sa rana

Wannan matakin ba na wasa ba ne, kuma na sa shi da wuri don nan ne wanda ya saba da Kano ko Maraɗi yake iya jefa mutane cikin matsala da kyakkyawar niyya. Zaman abokai goma da suka san juna suna karatu abu ne daban. Taron da aka buɗe wa kowa, aka yi masa talla, ko ake sayar da tikitinsa, yana buƙatar izinin hukuma. Hanya mafi sauƙi idan kun fara yawa ita ce ku shiga ƙarƙashin inuwar wanda ya riga ya mallaki izini: ƙungiyar ɗalibai ta jami'a, ko wuraren aikin haɗaka da ake haya, waɗanda shirya irin wannan zama yana cikin harkarsu. Ku bar ɗan ƙasa daga cikinku ya yi magana da masu wurin, ya tambaye su ƙarara abin da suke buƙata.

Abu na biyu kuɗi. Tara taimako daga jama'a ba tare da lasisi ba laifi ne a Saudiyya, don haka kada a taɓa sa lambar asusu a sanarwa ana cewa "a taimaka wa majalisa". Na uku, mai iƙama ba ya yi wa kowa aiki sai kafilinsa, wato wanda ya ɗauko shi, haka kuma baƙo ya gudanar da kasuwanci da sunan ɗan ƙasa shi ne abin da ake kira tasattur, kuma hukuncinsa mai nauyi ne. Za a samu wanda zai zo ya ce yana da kwangila, yana neman yara biyu su haɗa masa manhaja a bayan fage. Ku gaya masa cikin mutunci cewa nan wurin koyo ne. Wanda yake neman ma'aikaci ya bi hanyar ɗaukar aiki da doka ta sani.

Na huɗu hoto. Dokar ɗa'a a bainar jama'a ta 2019 ta hana ɗaukar mutane hoto ko bidiyo ba da izininsu ba. Mu abin da muke ɗauka shi ne allo da hannuwa a kan kwamfuta. Fuska sai mai ita ya ce a ɗauka. Siyasa kuma, ta nan ko ta gida, a bar ta a bakin ƙofa tare da takalma.

Wuri da rana

Da a ce shekarun baya ne, da na ce ka nemi ɗaki a unguwannin da mutanenmu suka taru. Amma rusau da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya shafi Gulail da Karantina da Sabil da Kandara da wasu unguwanni da dama, jama'a suka warwatsu, wasu kudu mai nisa, wasu gabas. Don haka kafin ka zaɓi wuri, tambayi kowa daga ina zai taso, kuma wa yake da mota. Wurin da ya fi kyau shi ne wanda marar mota zai iya zuwa ya koma ba tare da kuɗin tasi ya cinye masa abincin mako ba.

Zaman farko da na biyu falon gidan ɗayanku ya isa. Shagon gahawa yana da daɗi ga mutum huɗu, amma da kun kai takwas hayaniya za ta hana a ji mai bayani, kuma ba kyau ku mamaye teburan mutane awa uku da kofi biyu. Istiraha, wato gidan hutu da ake haya, tana da faɗi da sirri, sai dai yawancinsu a bayan gari suke, kuma intanet ɗinsu sai ka gwada. Ɗakin taro na wurin aikin haɗaka shi ya fi dacewa idan aljihu zai ɗauka.

Ko ina ne, je ka gan shi da idonka kwana biyu kafin zama, a daidai lokacin da za ku zauna. Ƙirga wuraren sa caja. Soket ɗin ƙasar nan mai baki uku ne irin na Ingila, kuma kullum akan samu wanda cajarsa mai baki biyu ce, don haka jakarka kada ta rabu da doguwar waya mai rassa da mahaɗi biyu ko uku. Haɗa kwamfutarka da talabijin ko majigin wurin ka ga hoto ya fito, ka riƙe mahaɗin HDMI da na USB-C naka na kanka. Sauke wani babban fayil ka ga ƙarfin intanet, domin ranar da mutum goma suka buɗe Android Studio, kayan aikin haɗa manhajar Android, lokaci guda, layin da ke isar masu kallon bidiyo zai durƙushe. Ka kuma gaya wa kowa ya sauke kayan aikinsa tun daga gida.

Tsakanin Jidda da Makka, ni Jidda nake zaɓa a matsayin mazauni, saboda dalili biyu. Wata rana za ku so gayyatar abokin aiki ƙwararre wanda ba Musulmi ba, shi kuwa ba ya shiga Makka. Sannan tun daga ƙarshen Shawwal akan fara hana masu iƙamar wasu garuruwa shiga Makka sai da takardar izini, har a gama Hajji. Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 ya sauƙaƙa zirga-zirga: ɗan Makka ya hau a Rusaifa ya sauka a Sulaimaniyya, ɗalibin Madina ma cikin kimanin awa biyu ya iso. Duk da haka ku riƙa kai zama Makka lokaci zuwa lokaci, kada kullum su ne masu tafiya.

Hutun mako Juma'a ne da Asabar. Juma'a ta iyali ce, kada ka taɓa ta. Mu Asabar ta farkon kowane wata muka tsayar, daga bayan La'asar zuwa Isha, Magariba ta zama hutun tsakiya. Ka fayyace da wace kalanda kake ƙirga "farkon wata", ka kuma rubuta kwanan wata na Miladiyya da na Hijira duka a sanarwa. Da azumi a mayar da zama bayan Tarawihi a kuma gajarta shi, goman ƙarshe a ɗaga. Zulƙida da Zulhajji kuwa yawancin mutanenmu na Makka suna cikin hidimar alhazai, don haka ku sanar tun farkon shekara cewa hutu ne, ku kuma faɗi ranar dawowa a Muharram. Hutun da ba a sa masa ranar dawowa ba shi ke kashe majalisa.

Yadda zaman kansa yake tafiya

A buɗe da addu'a, sannan a zagaya: kowa ya faɗi sunansa, abin da yake haɗawa, da inda ya maƙale a wannan watan. Minti ɗaya ɗaya. Wannan zagayen shi ne ke nuna maka wa zai zauna kusa da wa bayan Magariba.

Sai bayani guda ɗaya tak, na minti ashirin, kuma da kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, a kan allo. Kada a karɓi maudu'i irin "makomar fasaha a duniya". A karɓi irin "yadda na sa manhajata ta yi aiki ba intanet a Mina", ko "abin da ya sa Google Play ya dawo mini da manhaja sau biyu". Rikicin wane kayan aiki ya fi, Flutter ko React Native, Kotlin ko Swift, a ba shi zama ɗaya a shekara ya huce, domin ba ya ƙarewa kuma ba ya gyara manhajar kowa. Masu gabatarwa daga cikinku za su fito. Mutum zai ce maka bai kai ba. Ka ce masa ya nuna abu ɗaya da ya koya a watan jiya, ka kuma zauna da shi ku gwada bayanin kafin ranar.

Bayan sallah sai zuciyar zaman, abin da muke kira "miƙo wayar". Mutum biyu ko uku su sa manhajarsu a waya, wayar ta zagaya hannu zuwa hannu, mai ita ya yi shiru yana kallo yana rubutawa. Ba ya bayani, ba ya kare kansa. Gani ya kori ji.

Ina tuna wani ɗalibi da ya kawo manhajar da ke nuna wa alhaji hanyar komawa masaukinsa. Ta yi kyau a wayarsa. Wani dattijonmu, injiniya da ya daɗe a Jidda, ya karɓa, ya shiga saitin wayar ya mayar da ita Larabci. Nan take kibiyar komawa baya ta juya inda bai dace ba, rubutu ya hau kan hoto, maɓalli ya fita daga allo. Ya sake mayar da ita Hausa, sai kalmar "Ƙofa" ta fito da ɗan akwati a madadin harafin farko. Yaron ya sunkuyar da kai. Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ɗago. Ni ma da haka na fara, kuma tawa sai da ta shiga hannun jama'a aka gani." Ya jawo kujera, suka gyara tare.

Waɗannan matsalolin namu ne, ba kowane darasin intanet ke koyar da su ba, don haka ku mayar da su jerin gwajin da kowace manhaja za ta bi kafin a ce ta yi. Larabci daga dama yake tafiya, saboda haka a tsara allo da `start` da `end` a Android, `leading` da `trailing` a iOS na iPhone, a daina `left` da `right`. A gwada shigar da lambar waya da alƙaluman Larabci, domin mai allon rubutun Larabci da su zai rubuta, manhaja da yawa kuma sai su ƙi karɓa. A zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, irin Noto Sans ko Andika, a duba manya da ƙananan haruffa. A wurin bincike, wanda ya rubuta "kofa" dole ya samu "ƙofa", don ba kowa ne ya sa allon Hausa na Gboard ba. Wanda ke zuba fassarar Hausa a fayil ɗin `strings.xml`, inda Android ke ajiye rubutun manhaja, ya sani cewa alamar da ke cikin 'yan da 'ya'ya tana hana manhaja haɗuwa gaba ɗaya idan bai sa mata sandar kariya (`\`) a gaba ba. Mun taɓa ɓata rabin zama muna neman wannan. Kwanan watan Hijira kuma, Android da iOS duka suna da kalandar Ummul Ƙura a cikinsu, amma ganin wata yana iya saɓa mata da kwana ɗaya, kuma sanarwar Sarkin Musulmi a Sakkwato tana iya bambanta da ta nan. A ba mai amfani damar ƙara kwana ko ragewa.

Doka ɗaya ce ke riƙe da wannan sashe: ba dariya, ba gwalewa. Babba ne zai fara nuna nasa kuskuren. Mai gyara ya faɗi abin da ya taɓa da abin da ya faru, ya bar "wannan ai shirme ne". Idan aka kunyata sabon zuwa sau ɗaya, ba shi kaɗai ka rasa ba, duk wanda ya gani ba zai sake miƙa wayarsa ba.

Abin da majalisa ke ba mutum wanda ba zai samu shi kaɗai ba

Mutane suna dawowa ne idan zaman yana cire musu ƙaya. Ga babbar ƙaya: duk wanda ya buɗe asusun kansa na mai haɗa manhaja a Google Play bayan 13 ga Nuwamba 2023, ba zai saki manhaja ga jama'a ba sai ya yi gwajin rufe da masu gwaji na kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ake nema, a Disamba 2024 aka rage zuwa 12. Ga ɗalibin da bai san kowa ba, wannan katanga ce. Ga majalisa kuwa aikin minti goma ne: a karɓi adireshin Gmail na masu Android, a shigar da su, kowa ya sauke a nan take. A ja kunnen kowa kada ya fita daga gwajin kafin kwanakin su cika, ya kuma riƙa buɗe manhajar da gaske yana aiko da abin da ya gani.

Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, wato kusan riyal 94. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, kusan riyal 371, kuma Xcode, kayan aikin haɗa manhajar iPhone, ba ya aiki sai a kwamfutar Mac. A ƙasar da iPhone ya yi yawa a hannun mutane, wanda bai taɓa ganin manhajarsa a iOS ba yana tafiya da ido ɗaya ne. Mai Mac ya zo da ita, a ware rabin awa ga masu son gwadawa. Wanda yake da asusun Apple ya nuna yadda TestFlight, hanyar Apple ta raba manhaja ga masu gwaji, ke aiki, ya kuma tuna musu cewa kowane zubin gwaji kwana 90 yake yi ya mutu. Amma kada a yi aron asusu ana sakin manhajar wani da sunan wani. Ranar da aka rufe asusun, duka za a yi asara.

Sai akwatin wayoyi. Mu nan Samsung da iPhone muke riƙewa, alhajin da ya taso daga Gusau ko Zinder kuwa da Tecno ko Itel ko Infinix yake zuwa, mai ƙaramar ma'ajiya, batir ya gaji. Kowa ya kawo tsohuwar wayar da ke kwance a durowa, a goge ta, a ajiye a akwati ɗaya wajen mai kula da wuri. Manhajar da ba ta buɗe a wayar da ta fi kowace rauni a akwatin ba, ba ta gama ba.

Mata

A gasar haɗa manhaja ta Hajj Hackathon da aka yi a Jidda a Agustan 2018, wadda ta tara mutum 2,950 har ta shiga kundin Guinness, ƙungiyar mata 'yan Saudiyya ce ta zo ta ɗaya da manhajar Turjuman mai fassara allunan hanya ga alhazai. Makarantar Apple ta masu haɗa manhaja da ke Riyad, a Jami'ar Gimbiya Nura tare da cibiyar koyar da fasaha ta Tuwaiq, da mata ta fara. 'Yan'uwanmu mata suna cikin wannan harka, kuma majalisar da ba su cikinta ta rasa rabin ilminta. Ba za su zo don ka rubuta "har da mata" a sanarwa ba. Za su zo idan akwai mace cikin masu shiryawa, wurin sananne ne ba falon wani ba, akwai ɓangaren zamansu da wurin sallarsu, kuma ana tashi a kan lokaci. Ku tambaye su yadda suke so a tsara, ku bi abin da suka ce.

Shayi, kuɗi da zauren WhatsApp

Gahawa da dabino da ruwa sun wadatar. Ranar da wani ya saki manhaja a sayo burodin tamis da waken ful, ko tsiren da mutanen Hijaz suke kira sire, a ci bayan an rufe kwamfutoci. Kuɗin ɗaki da shayi a raba tsakanin waɗanda suka san juna, masu albashi su ɗauke wa ɗalibai ba tare da an ambata ba, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a karanta duk wata uku.

Idan kamfani ya ce zai taimaka, ya ba da ɗaki ko abinci, kada ya ba da kuɗi a hannu. Ku yi sharaɗi tun farko. Wani kamfani ya taɓa ba mu ɗakin taronsa, wakilinsu ya ce minti biyar zai yi, ya cinye kusan awa yana tallar hajarsu, a ƙarshe ya nemi jerin lambobin duk waɗanda suka zo. Ban bayar ba, kuma ba mu koma ba. Lambobin mutane amana ce, sannan dokar kare bayanan mutum ta ƙasar ta fara aiki tun 14 ga Satumba 2023, hukumar SDAIA ke kula da ita. Dokar nan ma ta cancanci zama guda, domin duk manhajar da ke karɓar suna ko lambar fasfo ta shafe ta.

Zauren WhatsApp biyu za ku buɗe: na sanarwa wanda masu shiryawa kaɗai ke rubutu, da na tambayoyi. A na biyun a hana turo saƙonnin yawo da tallace-tallace, ko da masu kyau ne. Tunatarwa sau biyu ta isa, mako ɗaya kafin zama da kuma daren jajibiri. Washegari a turo taƙaitaccen bayani: abin da aka koya, wa ke neman masu gwaji, wa zai gabatar a wata mai zuwa. A nan kuma za ku riƙa sanar da juna darussan kod na kyauta cikin Larabci a dandalin Satr na Tuwaiq, da tarukan Google Developer Groups, da babban taron fasaha na LEAP da ake yi a Riyad tun 2022.

Ranar da mutum uku suka zo, da ranar da za ka tafi

Za a yi watan da za ka share ɗaki, ka dafa shayi, mutum uku su zo. Ku zauna, ku yi "miƙo wayar" ku uku, ku turo bayani washegari kamar kullum. Bayan haka ka kira waɗanda ba su zo ba, ba don tuhuma ba, ka ji ko lokacin ne ko nisan wurin.

Mu baƙi ne da yawanmu. Ɗalibi zai gama ya koma gida, ma'aikaci kwantiraginsa zai ƙare a buga masa fita ta ƙarshe. Don haka kowane zaure ya kasance da masu iko uku, ɗaya haifaffen ƙasar. Lambar mai wuri, jerin maudu'an da aka yi, da littafin kuɗi su zauna inda duk ukun za su iya buɗewa. Daga wata na shida ka fara barin wani ya jagoranci zama kana zaune a baya.

Ku kai manhajar wajen masu ita

Sau biyu a shekara, musamman kafin Umrar azumi, ku gayyato mutum biyu ko uku da ba su san kod ba: kawun wani, innar wata, mai shagon da ke hulɗa da alhazai. A ba su shayi, a ba su wayar akwati, a ce su yi abu ɗaya, misali su nemo hanyar masauki. Kowa ya kama bakinsa, ba mai nuna musu inda za su danna.

A irin wannan zaman muka kawo wani Baba mai sayar da dabino da zaitun, wanda ya fi shekara talatin yana ciniki da alhazai. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙura mata ido, ya shafa allon da babban yatsa sama da ƙasa. Akwatin bincike na gabansa, fari tas, yana jira a rubuta. Ya daɗe, sannan ya ɗago ya dubi mai manhajar.

"Yaro, ina wurin da zan danna in yi magana? Ni ba na rubutu, alhazaina ma ba sa yi. Murya muke turawa."

Mai rubuta bayanin zama ya buɗe littafi, ya sa shi a maudu'in wata mai zuwa, muka nemi wanda zai gwada naɗar murya da manyan maɓallai masu hoto a wayar Itel ɗin da ke akwati. Mutum biyu suka ɗaga hannu, ɗaya daga ɓangaren mata.